Wa Zai Tsaya Wa Wanda Ya Fito Daga Gidan Yari?



Batun da ya tara jama'a yau batu ne da ba a cika son ɗaga murya a kansa ba. In ana maganarsa a zaure sai a yi ƙasa da murya, in yaro ya shigo a sake zance. Watau batun mutumin da ya gama wa'adinsa a gidan yari, aka buɗe masa ƙofa, ya fito ya tsaya bakin titi a garin da ba na ubansa ba. Tun daga Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, har unguwar Sabo a Badun da Shagamu, da Ama Hausa a Owerri, da mazaunin Hausawa a Anacha da Fatakwal, babu unguwar da za ta bugi ƙirji ta ce ba a taɓa ɗaure ɗanta ba. Abin tambaya shi ne, me unguwa ke yi da shi ran da ya komo?

Ya kamata a fara da ranar fitar ita kanta, gama a nan ake yin asara mafi yawa. Mutum ya fito da tufar da aka kama shi da ita, in ma tana nan. Ɗakin da suke kwana su shida an sa wani a gurbinsa. Baron da yake turawa, ko babur ɗin da ya karɓa biyan kashi-kashi, ya daɗe da barin hannunsa. Wayar da lambobin 'yan'uwansa ke ciki ta ɓace tun ranar kamu, har ma wani an riga an yi masa sadakar uku a ƙauyensu, saboda an ji shiru an ɗauka ya mutu. Ba shi da kuɗin mota, ba shi da na tuwon dare. Kafin rana ta faɗi dole ya kwana wani wuri, kuma wanda ya ba shi wurin kwana a wannan dare na fari, shi ne zai riƙa juya shi daga nan gaba. In mutanen kirki sun kau da kai, akwai waɗanda ba za su kau ba, watau abokan da ya yi a ciki, da masu sayar da ƙwaya a ƙarƙashin gada, da masu neman yaran da za su aika aikin dare.

A waiwayi baya kaɗan don a gane abin da ya sake. Sunan nan gidan yari daga sarautar Yari ya fito, watau mutumin da sarki ya danƙa wa tsaron ɗaurarru. A zamanin En'e, wanda alkali ya ɗaure yawanci a cikin ƙasarsu yake yin ɗaurinsa. Ana ganinsa da rana an fito da su yankan ciyawa ko share hanya, danginsa sun san inda yake, dagacinsa ya san laifinsa, ya kuma san ranar fitarsa. Ba wai gidajen yarin En'e wuraren hutu ne ba. An sha kuka da su ƙwarai, musamman yadda aka riƙa cusa abokan hamayyar siyasa a cikinsu, har Gwamnatin Tarayya ta karɓe su ran 1 ga Afrilu, 1968, ta haɗe su da nata, sa'an nan Doka ta 9 ta 1972 ta shimfiɗa tsari guda ga ƙasa duka. Amma duk da muninsu, ɗaurarre na wancan zamani in ya fito yana da ƙofar da zai dosa da ƙafarsa. Wanda aka saki daga Kirikiri ko Ikoyi ko Agodi, alhali mahaifarsa tana can bayan Gumel ko Illela, tsakaninsa da ƙofar gidansu akwai tafiyar yini da kwana a mota.

To, su wane ne waɗannan ɗaurarru? Jama'a da yawa in sun ji an ce tsohon fursuna, sai ɗan fashi ya faɗo musu a rai. Alƙaluma kuwa wani abu dabam suke nunawa. A cikin 2024 yawan mutanen da ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan ya haura 80,000, kuma kimanin kashi biyu cikin uku nasu ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. A watan Disamba na 2019, lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a gidan yarin Ikoyi, aka bayyana wa duniya cewa gidan da aka gina a 1955 domin mutum 800 yana ɗauke da mutum 3,113, kuma 2,680 daga cikinsu masu jiran shari'a ne. Wani a cikin irin waɗannan sai ya shekara uku ko huɗu a tsare, daga bisani a kore ƙarar don babu shaida, ko fayil ya ɓace. Ya fito babu laifi a kansa wurin hukuma, amma a unguwa sunansa ɗaya da na ɓarawo: ya yi gidan yari.

Akwai kuma waɗanda talauci kaɗai ya tsare. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 waɗanda suka kasa biyan tara ko diyya, bayan an tara Naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu taimako. In aka raba wannan kuɗi bisa yawan mutanen, kowane ɗaya bai wuce kimanin Naira 144,000 ba, watau bai kai kuɗin bijimi ɗaya a kara ba. A kan abin da bai kai kuɗin sa ba magidanta dubu huɗu suka zauna a kulle, 'ya'yansu na waje.

Ɗan Arewa a kurmi ya fi kowa saurin faɗawa cikin wannan rami, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Sana'o'in da baƙo ke farawa da su su ne waɗanda doka ta fi takawa. Jihar Legas tana da doka tun 2003 da ta hana talla a kan titi, kuma a 2016 gwamnati ta yi shelar za ta tsananta ta, da tarar Naira 90,000 ko ɗaurin wata shida. Ran 1 ga Yuni, 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na jihar, bayan wata uku aka ƙara wasu huɗu. Yaron da ya sauko daga motar shanu jiya bai san iyakar wata ƙaramar hukuma ba, balle ya san inda aka hana. In an kai shi gaban majistare ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci. Tsarin Mulki na 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma damar a samo masa tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, amma sai wanda ya san da wannan dama yake neman ta. Sau da yawa sai a karanta tuhuma, yaro ya gyaɗa kai don ladabi, a rubuta ya amsa laifi. In kuwa an ba da beli, sai a ce a kawo mai tsaya masa wanda ke da tabbataccen mazauni a yankin kotun, wani lokaci har da shaidar biyan haraji ko takardar fili. A nan magana ke tsayawa, don ba shi da kowa.

Wannan kalma, mai tsaya masa, ita ce gindin al'amarin duka. Rashin mai tsayawa ne ya hana shi beli, kuma rashin mai tsayawa ne zai hana shi aiki da ɗaki da mata bayan ya fito. Abin mamaki kuwa shi ne, babu al'ummar da ta fi Hausawan kurmi sanin wannan sana'a ta tsaya wa baƙo, gama a kanta aka kafa unguwanninsu.

Dattawa da ke wurin nan sun san yadda cinikin shanu da goro ya gudana a Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916. Falke zai taho da garke daga Arewa, bai san mahauci ko ɗaya a garin ba. Sai ya sauka gidan maigida. Maigida ya ba shi ɗaki, a kawo masa tuwo, a ajiye masa kuɗinsa, dillalan maigida su shiga kara su sayar da shanunsa bashi ga mahauta Yarbawa, sai bayan makonni a biya. Babu takarda, babu banki, babu lauya. Abin da ya riƙe dukiyar nan duka shi ne maganar maigida, cewa ya san wane, in bai biya ba a tambaye shi. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan wannan tsari wanda ya fito a 1969, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Abin da ya ba Turawa mamaki shi ne abin da yaron Sabo ya ɗauka ba komai ba ne, watau lamuni. Maigida ba ya tsaya wa mutum don ya tabbata waliyyi ne. Yana tsaya masa ne don yana ganinsa safe da yamma, ya san inda yake kwana, ya san wanda zai aika wa saƙo a garinsu in ya karkace. Sa ido da ɗaukar nauyi tare suke tafiya.

Wannan tsari ya yi rauni, kuma kowa ya san haka. 'Yan ci-rani na yanzu sun fi ƙarfin zaurukan da ake da su. Suna sauka a tasha su watsu, wasu su kwana a rumfunan kasuwa, wasu a bakin masallaci, wasu a kangon da suke gadi. Da yawansu Sarkin Hausawa bai taɓa ganin fuskarsu ba sai ran da aka aiko daga ofishin 'yan sanda. Amma rauni ba mutuwa ba ne. Har yanzu a kasuwar Mile 12 da Bodija da kowace kara ana ba da kaya na miliyoyi a kan maganar baka. Jarin yana nan, sai dai ba a taɓa tunanin a miƙa wani abu daga cikinsa ga wanda ya fito daga ɗauri ba.

Ga shi kuwa doka ta buɗe ƙofar da ke bukatar irin wannan mai tsayawa. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta sake wa Hukumar Gidajen Yari suna zuwa Hukumar Gyaran Hali, ta kuma raba aikinta gida biyu. Akwai sashen tsarewa, akwai kuma sashen hukuncin da ba na tsarewa ba, wanda ya ƙunshi aikin yi wa jama'a hidima maimakon ɗauri, da sakin talala kafin cikar wa'adi, da sa ido kan mai laifi yana zaune a gida, da sulhu tsakaninsa da wanda ya cuta. Dokar ta kuma tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga fursunan da ya nuna natsuwa, ta hana a nuna wa mai wannan takarda bambanci saboda ɗaurin da ya yi. Tun kafin nan ma Jihar Legas ta shigar da hukuncin hidimar jama'a cikin dokarta ta 2007. A watan Maris na 2023 kuma aka gyara Tsarin Mulki, aka ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali. Duk wannan yana da kyau a takarda. Amma wane alƙali ne zai ce wa yaro ya je ya yi sharar asibiti na kwana talatin, alhali yaron ba shi da adireshi, kuma babu dattijon da zai miƙe a kotu ya ce a hannuna yake, in bai zo ba a neme ni? Ɗan gari zai sami sharar, baƙo ya sami Kirikiri, laifinsu ɗaya. Rahamar da doka ta tanada ba ta isa ga wanda ba shi da mai karɓar masa ita.

Ba Nijeriya kaɗai ke fama da wannan ba. Ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun nuna cewa nauyin da ke kan al'umma ba ya ƙarewa da sakin fursuna. Wata ƙasa da ta fito da wannan a aikace ita ce Japan. Tun 1950 suke da doka a kan wasu 'yan sa-kai da suke kira hogoshi, waɗanda yawansu ya haura 40,000, galibinsu dattawan unguwa, ba a biyansu albashi. Kowane ɗaya ana haɗa shi da wanda aka saka talala, ya riƙa karɓarsa, sau da yawa a cikin gidansa, kamar sau biyu a wata, su sha shayi, ya ji damuwarsa, ya taimaka masa neman aiki, ya kuma kai rahoto ga hukuma. Duk Bahaushen da ya ji wannan bayani zai ce ai maigida ke nan. Bambancin kawai shi ne, su sun rubuta nasu a doka sun ba shi daraja.

Yanzu sai a zo ga masu ja, domin suna da hujja, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba su da ita. Mai shago zai ce, wanda ya fasa shagon maƙwabcinsa bara, yaya za a ce ya ba shi makulli bana? Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Sarkin Hausawa kuma yana da tasa damuwar wadda ta fi wannan girma. Zaman baƙunci zama ne na lallami, wake ɗaya ke ɓata gari, kuma an sha ganin yadda rigimar mutum biyu a kasuwa ke zama gobarar da za ta cinye rumfunan mutane ɗari. In aka karɓi tsohon ɗaurarre ya sake aikata wani abu, masu gari ba za su ce wane ya yi ba, cewa za su yi Hausawa sun yi.

Amsar ita ce, mutumin nan zai fito ko an so ko an ƙi, kuma unguwar zai komo, don nan ne kaɗai ake jin harshensa. Zaɓin da ke gaban shugabanni shi ne ya komo a ƙarƙashin idon wani, ko ya komo ba mai kallonsa. In ya ɓata, a duka halin biyu sunan Hausawa za a kira. Ashe ke nan tsoron ɓacin suna dalili ne na a kama hannunsa. Ban da haka, ba wanda ya ce a ba ɓarawon jiya ajiyar kuɗi yau. Maigidan da ma ba haka yake yi da sabon yaro ba. Yakan fara aikensa sayen goron Naira kaɗan, ya ga ko canji zai cika, sa'an nan a hau mataki na gaba. Kuma lalle ne a bambanta. Wanda aka kama da tiren dabino a kan titi, da wanda ya sassari mutum, da wanda ya lalata yarinya, ba hukuncinsu ɗaya ba ne a wurin unguwa, kuma akwai wanda bai kamata a sake barinsa kusa da yara ba har abada. Haka nan wanda aka cuta yana da hakki. Ɗaurin da gwamnati ta yi ba ya mayar wa mai kaya kayansa. In za a karɓi mutum, kyawunta a fara zaunar da shi gaban wanda ya zalunta, in mai hakkin ya yarda, ya nemi gafara, a yanka abin da zai riƙa biya daga abin da yake samu. Wanda aka ga yana biyan bashin laifinsa wata-wata ya fi saurin samun amincewar kasuwa bisa ga wanda liman ya yi wa dogon wa'azi.

Akwai wata dabara da aka saba da ita wadda ake ɗauka taimako ce, watau a haɗa masa kuɗin mota, ko a roƙi direban tirela mai komawa Arewa ya ɗora shi a baya, a ce ya tafi gida. Wani lokaci hakan shi ne daidai, musamman ga ƙaramin yaro wanda iyayensa ke da rai, ko mai gona da zai koma. Amma sau da yawa kawar da ƙaya ce kawai daga ƙofar gida. Mutumin da ya baro ƙauye don babu abin yi, aka yi masa rakiya da fatan zai aiko da kuɗin taki, yanzu ya komo hannu wofi da sunan ɗan fursuna, wane zama zai yi? A ƙauye kunya ta fi zafi, don kowa ya san kakansa. Ba za a ba shi mata ba, ba za a sa shi a shawara ba. Kafin kaka ya sake hawa mota, wannan karon kuma ba zai doshi unguwar Hausawa ba, sai inda ba a san shi ba. In har za a tura mutum gida, to a fara yin magana da ubansa ko dagacinsa, a faɗa musu gaskiyar abin da ya faru, musamman in an sake shi ne ba tare da an same shi da laifi ba, gama wannan shaida daga bakin Sarkin Hausawa tana wanke mutum fiye da takardar kotu da ba mai iya karantawa.

Game da jari kuwa, masu kasuwa sun fi kowa sanin cewa kuɗi a hannun mayunwaci ba ya kwana. Abin da ke tsayawa shi ne kayan aiki: kurar ruwa da jarkokinta, baro, akwatin gyaran takalmi, teburin mai shayi, keken ɗinki. A saya da sunan ƙungiya, a ba shi aro, ya riƙa zubi kamar adashi har ya mallaka, kuɗin ya koma kan wani. Wasu ma sun fito da sana'a a hannu, don a gidajen yari da dama ana koyar da kafinta da ɗinki da walda, har Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa tana da cibiyoyi a wasu gidajen, ciki har da Kirikiri, inda fursunoni ke karatun digiri. Irin waɗannan ba sadaka suke nema ba, mai shagon da zai ba su benci suke nema. Inda kuɗin zai fito ma ba abin wahala ba ne. Malamai sun san cewa cikin mutane takwas da aka ambata a rabon zakka akwai wanda bashi ya yi wa katutu, akwai kuma matafiyin da guzuri ya yanke masa. Baƙon da ke kulle a kan tara, da wanda aka saki a garin da ba shi da kowa, ai ba su yi nisa da waɗannan biyu ba. Malamai ne za su yanke wannan, amma ya kamata a kai musu tambayar.

Kada kuma a manta da lafiya. Cunkoso irin wanda aka ambata shi ne gidan tarin fuka da ƙazuwa. Wanda ya fito yana tari fiye da mako biyu, a kai shi asibitin gwamnati kafin a haɗa shi ɗaki da mutum shida. Maganin tarin fuka kyauta ne, sai dai yana ɗaukar wata shida ana sha ba fashi, kuma wannan ma yana bukatar mai sa ido. Wani kuma jikinsa lafiya lau, amma ba ya barci, ko ƙofa aka buga sai ya zabura, ko ya zauna shiru yini guda. Ba iskanci ba ne, kuma ba kullum ne aljanu ba.

Ga iyaye mata akwai magana ta musamman. Mata ba su da yawa a gidajen yari, amma tasu fitar ta fi ta maza ɗaci. Namiji in ya yi shekara biyu yana aiki ana iya mantawa. Mace kuwa sau da yawa kafin ta fito igiyar aure ta tsinke, an raba 'ya'yanta gidajen dangi, kuma ba gidan da zai so ta zauna da 'yan matansa. Ba maigida ne zai karɓe ta ba, sai uwar ɗaki: mai tuwo-tuwo da ke bukatar mai taya ta, ko malamar Islamiyya, ko dattijuwar da ke da ɗaki a cikin gida. Ya kamata mata su san kuma cewa Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba za a hana mutum tsaya wa wani beli don kawai mace ce ba. Hajiyar da ke da gidan kanta a Agege tana da abin da kotu ke nema fiye da maza ɗari masu kwana a rumfa.

Abin lura ne yadda ƙasar nan ke karɓar manyanta in sun fito daga ɗauri. Cif Obafemi Awolowo ya fito daga gidan yarin Kalaba a 1966, shekarar da ta biyo ya zama Kwamishinan Kuɗi na Tarayya. Janar Olusegun Obasanjo ya fito a 1998, a 1999 aka rantsar da shi Shugaban Ƙasa. Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, yau ga babban asibiti da sunanta a Zariya. Za a ce ai waɗannan ɗaurin siyasa ne, kuma gaskiya ne. Amma wanda ya shekara huɗu yana jiran shari'ar da ba a taɓa yi ba, shi ɗaurin me za a kira nasa? Kowane almajiri kuma ya san ƙissar Annabi Yusufu, wanda aka fito da shi daga kurkuku aka danƙa masa taskokin Masar. Ana karanta ƙissar a tafsiri kowane azumi, jama'a na share hawaye, a tashi a wuce ɗan maƙwabci da ya fito makon jiya ba ko sannu da zuwa. Hausawa kuwa su ne suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Aikin ba ya farawa ran fita, tun mutum yana ciki ake fara shi. Kowace fadar Sarkin Hausawa tana iya ajiye littafi guda, da mutum biyu masu jin Turanci da harshen gari, waɗanda za su riƙa zuwa gidan yarin da ke kusa da su ko sau ɗaya a wata, su ga jami'in kula da jin daɗin fursunoni, su rubuta sunan duk ɗan Arewa da ke ciki, da garinsu, da kotun da ke riƙe da shari'arsa. Wanda ba shi da lauya a kai sunansa Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi. Wanda aka yanke wa hukunci ranar fitarsa sananniya ce tun da wuri, kuma a tuna cewa ana rage sulusin wa'adi ga mai kyakkyawan hali, abin da ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce, don kada a je tarye bayan mutum ya yi wata huɗu a titi. Waɗanda suka fi bukatar a kula su ne waɗanda Babban Jojin jiha ke saki in ya kai ziyara gidan yari, domin su da safe ba su san za su kwana a waje ba. Akan sanar da irin wannan ziyara kafin ranar. Ran nan ya kamata a ce akwai dattijo biyu daga unguwa a bakin ƙofa, da riga, da abinci, da sunan gidan da kowane ɗaya zai kwana.